Amsa kan yoga da gajiyar aikin ofis

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kana shiga ofis ƙarfe bakwai da rabi, ba ka fitowa sai bayan magariba, wuya da ƙugu suna ciwo, barci ya ƙi zuwa, shi ne kake tambaya ko yoga za ta yi maka amfani. Za ta yi, in dai kullum za ka riƙa taɓawa. Minti 15 kowace safiya ya fi awa biyu ranar Asabar kaɗai.

Na san akwai masu ɗar-ɗar da sunan, kuma suna da hujja. Asalinta daga Indiya ne, tana da alaƙa da addinin Hindu, a cikinta akwai gaida rana da furta kalmomin bauta. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta haramta wadda ake haɗawa da waɗannan, ta ƙyale wadda motsa jiki ce zalla. Abin da zan kawo maka miƙa gaɓoɓi ne da numfashi kawai, hukunci kuwa sai ka tuntuɓi malamai.

Fara da numfashi, domin nan maganin damuwar yake. Zauna a kan kujera ko a ƙasa, bayanka a miƙe, ka ɗora tafin hannu a kan cibiya. Shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu, cikinka ne zai taso, kafaɗu su tsaya inda suke. Sannan ka sake ta a hankali kana ƙirga shida. Hakan zai ba ka numfashi kusan shida a minti ɗaya, ka yi na minti biyar. Dalilin tsawaita fitarwar shi ne, lokacin da iska ke fita bugun zuciya yana raguwa, jiki ya fahimci babu abin gudu. Kuskuren masu farawa shi ne zuƙar iska da ƙarfi da sauri, sai jiri ya kwashe su, yatsu su riƙa tsikari. Ba aljanu ba ne, iskar da jini ke buƙata ce suka fitar fiye da kima. In ka ji haka, dakata ka yi numfashinka na yau da kullum. Mai hawan jini kuma kada ya riƙe numfashi, ko da ya ga ana yi a YouTube.

Sai minti goma na miƙa jiki. Yi rarrafe, hannuwa daidai kafaɗu, gwiwoyi daidai ƙugu. In ka shaƙi iska ka gantsare ka ɗaga kai, in ka fitar ka tanƙwara baya sama, sau takwas. Daga nan ka durƙusa da gwiwa ɗaya, ɗaya ƙafar a gaba, ka tura ƙugu gaba kaɗan na daƙiƙa 30 kowane ɓangare. Wannan kada ka tsallake shi: naman gaban cinya da ke ɗaurewa saboda dogon zama yana cikin abin da ke janyo ciwon ƙugu. Sannan ka kwanta rub da ciki, ka dogara da gwiwar hannu ka ɗaga ƙirji, numfashi biyar. Da dare kuma kafin barci ka kwanta rigingine, ka jingina ƙafafu a jikin bango minti biyar. Ɗan ja a jikin nama daidai ne, amma zafi mai suka a gaɓa alama ce ta ka tsaya.

Lokacin da ya fi dacewa a Kano bayan asuba ne, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40. Da hunturu ka yi a ɗaki saboda ƙura, ka fara ɗumama jiki da tattaki na minti biyu. Darduma a kan tayil tana zamewa, gara kafet ko tabarmar roba mai kauri. Kada ka yi bayan ka ci tuwo, bari awa biyu zuwa uku su wuce.

A ofis, duk bayan minti 40 ko awa ɗaya ka tashi ka juya kafaɗu baya sau goma. Numfashin nan ma yana yiwuwa a cunkoson Zoo Road, idonka dai a buɗe. Sai dai yoga ba za ta rage maka aiki ba. In har ƙarfe sha ɗaya na dare kana amsa saƙon oga a WhatsApp, barcin ba zai dawo ba, don haka ka sa wa wayar lokacin da za ka ajiye ta, awa ɗaya kafin kwanciya, kuma shayi mai ƙarfi ko kofi ya tsaya daga azahar.

Mai hawan jinin ido ya guji duk motsin da kai ke komawa ƙasa, mai juna biyu kuma ta fara jin ta bakin likita. Kai ma, in ciwon ƙugun yana sauka har ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa, kada ka fara komai sai ka ga likitan gashin ƙashi a Asibitin Dala ko na Malam Aminu Kano.