Me Ya Sa Turanci Ba Ya Rubutuwa Yadda Ake Faɗarsa?

Tambaya: Malam, ina koyar da 'yan aji biyu a firamare. Yaro ya iya karanta Hausa cikin wata uku, amma ya zo kan “knife” sai ya ce “kinife”. Shin Turawa ba su taɓa ƙoƙarin gyara rubutunsu ba? Malama daga Gusau.

Amsa: Malama, yaron nan bai yi laifi ba. Haka kakannin Turawa suke furta “k” ɗin nan a da. Bakinsu ne ya sauya, rubutun ya tsaya inda injin buga littafi ya same shi, bayan William Caxton ya kafa ɗab'i a Ingila a 1476. Ga haruffa 26 kacal, ga sautuka kusan 44.

Gyara kuwa an sha gwadawa. Noah Webster ne ya fi cin nasara, da ƙamusunsa na 1828, shi ya sa Amurkawa ke rubuta “color”, mutanen Ingila kuma “colour”. A 1906 attajiri Andrew Carnegie ya zuba kuɗi aka kafa hukumar sauƙaƙa rubutu, har Shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya umarci ma'aikatar ɗab'in gwamnati ta bi sabon salo a kalmomi 300. Jaridu suka yi masa ca, majalisa ta ƙi, kafin shekara ta ƙare ya janye.

Wanda ya fi shafar aikinki shi ne na wani Baturen Ingila, James Pitman. A 1961 aka fara koya wa yara a wasu makarantun Ingila haruffa 44, kowane sauti da nasa, da nufin su koma rubutun gama-gari daga baya. Karatun farko ya zo da sauƙi, amma wajen komawar wasu suka rikice. Garin neman gira aka rasa ido, sannu a hankali aka watsar da tsarin. A ganina, wanda ya riga ya sha wahalar koyo ba ya yarda a sauya masa, kuma shi ke da jarida da majalisa.

Mu ma kada mu cika baki. Bokonmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Rubuta wa yaranki “gari” a allo, ki tambaye su: na zama ne ko na tuwo? Za ki ga ajin ya rabu biyu.