Kafin ka taɓa birkin baya

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa na hana ka ɗaura wa ƙaramar motar gudun nan manyan faifan birki da kalifa (abin da ke matse faifan) mai fistin huɗu a baya, alhali mai ita ya zo da kayan, ya kuma ce a yi. Ajiye sifanar tukuna ka ji.

Duk sanda direba ya taka birki, nauyin mota gaba yake komawa. Ka tsaya gefen titi ka lura, za ka ga hancinta ya duƙa, bayanta ya ɗaga. Irin su Swift Sport da Golf GTI inji da giya duk a gaba suke, don haka tayoyin gaba ke ɗaukar wajen kashi 70 cikin 100 na aikin tsayawa, wani lokaci ma fiye. Na baya riƙonsu a kwalta kaɗan ne a wannan lokacin. In ka ba su ƙarfin da ya fi riƙonsu sai su kulle kafin na gaba, kuma motar da bayanta ya kulle ba ta tafiya miƙe, juyawa take yi da mai ita. Za ka ce ai akwai ABS, na'urar da ke hana taya kullewa. Akwai, amma an saita kwamfutarsa ne da girman kayan da kamfani ya sa. Ga kuma masta, famfon da ke tura man birki: manyan fistin sun fi shan mai, sai feda ta yi nisa kafin ta kama.

Ka tuna kukan da mutumin ya zo da shi. Cewa ya yi birki ya yi masa laushi a gangaren Hada, yana saukowa daga Ɗa'ifa zuwa Makka. Daga kusan mita 2,000 ake sauka a hanyar nan, kwana bayan kwana, ƙafa kan feda. Wannan zafi ne, kuma a gaba yake taruwa. Man birki yana shan raɓar iska, mu kuwa nan Jidda ka san yadda iskar teku take. Man birki irin DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 kafin ya tafasa, amma in ya sha ruwa, 155 kawai. Da ya tafasa sai tururi ya cika tiyo, feda ta nutse. Man da na zuƙo daga motar ai ka gan shi a kwalba, ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana. Za mu zuba DOT 5.1, wanda ke kai 260. Kada ka ruɗe da DOT 5, shi na silikon ne, ba a haɗa shi da sauran. Sai fad, wato takalman birki, masu jure zafi gaba da baya, tayoyi masu kyau, a kuma gaya masa ya riƙa saukowa da ƙaramar giya.

Ba wai bayan ba ya son hannu ba. Ɗauko ma'auni ka duba kaurin faifan, mafi ƙanƙantar kaurin da aka yarda da shi yana nan a rubuce a jikinsa. Zare fil ɗin da kalifa ke zamewa a kai, ka wanke, ka sa girisin birki, don ƙurar garin nan tana daskarar da su. Fistin na baya mai haɗe da birkin hannu kuwa murɗa shi ake yi yana shiga, in ka danna da ƙarfi ka kashe kalifar. Mai birkin hannu na lantarki sai an buɗe shi da kwamfuta.

Wanda ke da birkin ganga a baya yake son faifai, ana yi, amma da kayan babbar yayar motar daga kamfani ɗaya: hob (inda ake ɗaure taya), kalifa, wayar birkin hannu da bawul mai raba ƙarfi, duka tare. A wurin fahas, wato gwajin mota na hukuma, ana auna kowane gatari da birkin hannu daban.

Gobe in Allah Ya kai mu kai za ka fitar da iskar da ke cikin tiyon birki, ni ina kan feda. Ka fara duba littafin motar ka ga tayar da za a fara da ita.