Amsa: inshora sun yi wa motata kuɗin banza bayan haɗari

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Ka ce tsohuwar Volkswagen T4 ɗinka mai gado da kicin a ciki inshora sun ce ba ta gyaruwa, suka yi maka tayin fam 4,000. Tunda a Ingila kake, kar ka yi saurin amincewa, tayin farko yawanci a ƙasa yake zuwa.

Matsalar ita ce galibi littattafan farashi irin su Glass's da CAP suke dubawa, su kuma waɗannan kamar motar ɗaukar kaya kawai suke lissafa ta, gadon da kabad da murhun gas da ka kashe wa kuɗi duk ba sa shiga, shi ya sa kuɗin ya yi ƙasa haka. Shiga Auto Trader, shafin tallan motoci, ka nemo irinta, shekara ɗaya, tafiyar mil kusan ɗaya, ka ɗau hoton tallan, ka haɗa da rasit ɗin aikin ciki da takardun sabis da na MOT (gwajin lafiyar mota na shekara-shekara) ka tura wa inshorar a rubuce, ba ta waya ba. Duba V5C ɗinka ma, wato takardar rajistar motar, ka ga yadda aka yi mata rajista, ko a matsayin motar kaya ko motar kwana.

In sun ƙi, shigar da ƙorafi, suna da sati 8 su ba ka amsar ƙarshe, daga nan kana da wata 6 ka kai Financial Ombudsman, hukumar da ke sauraron ƙorafi kan kamfanonin kuɗi da inshora, kyauta ne.

Amma fa ka sanar da su gyaran cikin lokacin da ka yanki inshorar? In ba ka faɗa ba nan ne za su kama ka.