Haɗa, haɗe ko gauraya: kalmar da ta dace da aikin kanel

Wani ɗalibin ilimin kwamfuta daga Jos ya aiko da tambaya: "Allah ya gafarta Malam, ina rubuta bayani da Hausa kan yadda zuciyar Linux, wato kanel, take tattara yankunan ma'adana kafin a kai su faifai. Wace kalma zan sa, haɗa, gauraya ko jona? Kuma abokina ya ce karin maganar 'tsintsiya maɗaurinki ɗaya' ta yi daidai da aikin. Haka ne?"

Madalla da tambaya, ɗana. Ba a zaɓen kalma sai an san aikin da za ta ɗauka, don haka bari mu fara da aikin.

A yawancin kwamfutoci ana yanka ma'adanar RAM shafi-shafi, kowane shafi baiti 4096. Shi kuwa faifai ana lissafa shi da gurbi na baiti 512. Idan manhaja ta nemi a karanto kilobait 64, shafuka 16 ke nan, gurabe 128. Manhajar tana ganin shafukan nan a jere, amma a ainihin ma'adanar suna iya zama a warwatse, ɗaya nan ɗaya can. Na'urar da ke kwasar bayanai kai tsaye, wadda ake kira DMA, ainihin adireshi take bi. Saboda haka kanel takan rubuta mata jeri: yanki kaza ya fara daga nan, tsawonsa kaza. Kafin ta miƙa jerin sai ta duba: idan ka ɗauki adireshin yanki na farko ka ƙara tsawonsa, shin a daidai bakin na biyu za ka sauka? In haka ne, sai biyun su zama layi ɗaya.

To, gauraya ba ta shiga nan ko kaɗan, haka ma cakuɗa. Wanda ya gauraya gero da dawa ya ɓata tsari, ba a sanin na gaba da na baya. A nan kuwa baiti ɗaya bai isa ya bar wurinsa ba. Jona, wadda muka aro, ta mai gyaran wuta ce: wayoyi biyu da ke nesa ya jawo su ya murɗa. Kanel ba ta jawo komai, iyakar da ke tsakanin maƙwabta kawai take sharewa a rubuce.

Kalmar da nake so ita ce haɗe. Hausa tana da wannan baiwa a wasalin ƙarshen fi'ili. Ka haɗa mutum biyu, suna nan su biyu. Sun haɗu, wato sun cimma juna. Amma in an haɗe gonaki biyu, kunyar da ke tsakani ta tafi, gona ɗaya ta rage. Rubuta "haɗe yankuna", kowane Bahaushe zai ji cikar aikin.

Sai dai ka lura, haɗewar iri biyu ce, kuma ɗalibai sukan rikita su. Akwai ta ma'adana da muka faɗa, akwai ta faifai. Idan sabuwar buƙatar karatu ko rubutu a faifai ta fara daga gurbin da tsohuwa ta ƙare, a liƙa ta a bayanta, wannan haɗewar baya ce. In ta ƙare inda tsohuwar ta fara, haɗewar gaba. Umarnin iostat -x yana nuna yawansu a ginshiƙan rrqm/s da wrqm/s, kuma in ka rubuta 2 a cikin fayil ɗin /sys/block/sda/queue/nomerges, ka kashe haɗewar faifai ke nan.

Maƙwabtaka kuma ba ta wadatarwa. Kowace na'ura da iyakarta. In direba, wato manhajar da ke sarrafa na'urar, bai faɗi iyakar ba, Linux takan tsayar da yanki a baiti 65536. Direban AHCI na faifan SATA yana karɓar yankuna 168 a buƙata ɗaya, in sun zarce sai a raba buƙatar. Tsofaffin na'urorin faifai na IDE ba sa yarda yanki ya tsallake iyakar kilobait 64. Kuskure mafi muni shi ne a haɗe shafukan da a ido kawai suke jere: DMA za ta zuba bayanai a kan ma'adanar wani, ɓarnar kuma ba ta fitowa sai an jima.

Game da tsintsiya, abokinka ya kusa amma bai kai ba. Zare tsinke ɗaya daga tsintsiya, zai fito shi kaɗai, don ɗauri ne ya tara su, ba haɗewa ba. Wannan karin magana ta jerin ce, yankuna warwatsattsu da buƙata ɗaya ta ɗaure. Sa ta a can. A wurin da kake gargaɗi kan shafukan da suka yi kama da maƙwabta alhali nesa suke da juna, sa wadda ta ce kama da wane ba wane ba ne.