Tambayoyinku kan Fasaha: Intanet da Kwamfutocin Makaranta

Tambayoyin wannan mako daga ɗaliban manyan makarantun Zariya suka fito, kuma duk sun shafi intanet da kwamfutocin da makaranta ta tanadar wa ɗalibanta.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ba abokin ɗakina lambar sirrin da nake shiga intanet ɗin makaranta da ita saboda datarsa ta ƙare. Bayan kwana uku sai na tarar an rufe asusuna, an ce in je ofishin masu kula da kwamfuta in yi bayanin finafinan da aka sauke. Wallahi ban sauke komai ba. Yaya zan yi? (Wani ɗalibi daga Samaru)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na yarda ba kai ka sauke ba, sai dai na'ura ba ta san fuska ba, suna kawai ta sani. Duk lokacin da aka shiga da asusunka, na'urorin makaranta suna rubuta sunan mai asusun, da lokacin shiga da fita, da yawan datar da aka ja, da kuma lambar shaidar wayar ko kwamfutar da aka yi amfani da ita, wadda ake kira MAC. Saboda haka a wurin masu kula da hanyar sadarwar, duk abin da abokinka ya yi kai ka yi shi, har sai an tabbatar da akasin haka.

Wannan rajistar da ta jawo maka kira ita ce kuma za ta iya taimakonka, domin za ta nuna cewa na'urori biyu ne suka yi aiki da asusun, kuma ba taka ba ce ta ja datar. Shawarata ita ce ka je da abokin naka, ka faɗi gaskiya tun daga farko, kada ka ce an sace maka lambar. Ka kuma shirya karɓar gargaɗi, domin ba da lambar sirri kansa laifi ne a kusan kowace ƙa'idar makaranta da na taɓa karantawa. Da zarar an buɗe maka asusun, ka sauya lambar.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗalibai da yawa lamba ɗaya suke sa wa komai: intanet, da imel, da shafin rajistar kwasa-kwasai da duba sakamako. Wanda ka ba ita don ya kalli ƙwallo, ka ba shi ikon goge maka kwas a lokacin rajista ba tare da ka sani ba. Na san a wurinmu hana aboki abu yana da nauyi, musamman wanda kuke cin abinci a kwano ɗaya, amma gara ka saya masa data ko ka buɗe masa ta wayarka, da ka miƙa masa abin da aka ba ka amana.

Game da rufe asusun kuwa, ba mugunta ba ce. Layin intanet ɗin makaranta kamar tankin ruwan ɗakunan kwanan ɗalibai yake, dubban mutane ne ke ɗiba daga wuri ɗaya. Manhajojin sauke fim irin su BitTorrent suna buɗe hanyoyi masu yawa a lokaci guda, kuma suna saukewa suna tura wa wasu a waje, ta yadda mutum ɗaya zai iya hana ɗalibin ajin ƙarshe sauke takardar binciken da yake buƙata.

Tambaya: Malam, shin ma'aikatan makaranta suna iya karanta saƙonnina na WhatsApp idan ina kan intanet ɗinsu? Wata ƙawata ta ce in na buɗe shafin sirri na Chrome babu mai ganin komai. (Wata ɗaliba daga Kongo)

Amsa: Ki kwantar da hankalinki, ƙanwata. Tun shekarar 2016 WhatsApp yake kulle saƙonni daga wayar mai aikawa zuwa ta mai karɓa, don haka mai kula da hanyar sadarwa zai ga kina amfani da manhajar, ya ga lokaci da yawan data, amma ba zai ga abin da kika rubuta ba. Haka shafukan da adireshinsu ya fara da https suke: yawanci ana ganin sunan shafin da kika ziyarta, ba a ganin abin da kika karanta a ciki.

Ƙawarki kuwa ta yi kuskure. Shafin sirri yana hana wayarki ajiye tarihin inda kika shiga ne kawai, bai ɓoye wa makaranta komai ba. Sannan ki bambanta wayarki da kwamfutar ɗakin karatu, domin wannan mallakar makaranta ce kuma za a iya sa mata manhajar sa ido, haka ma imel ɗin da makaranta ta buɗe miki. Su ma ma'aikatan ba a sakar musu mara ba, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk cibiyar da ke riƙe bayanan mutane alhakin tsare su da yin amfani da su bisa dalili na halal.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na zauna a kan wata kwamfuta a ɗakin karatu na tarar da imel ɗin wani a buɗe, na ɗan duba saƙonni biyu. Na yi laifi, alhali ba ni na buɗe ba? (Wani ɗalibi daga Tudun Wada)

Amsa: Ka yi, ɗan'uwa. Ƙofar gida a buɗe ba ta zama izinin shiga ba sai an amsa sallama. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci kan kutse cikin na'urorin wasu da yin amfani da asusun wani da niyyar zamba, kuma ko lamarin bai kai kotu ba, kwamitin ladabtarwa na makaranta yana iya hukunta ɗalibi a kan ƙa'idojinsa. Kada ka faɗa wa kowa abin da ka karanta, idan kuma ka ɗauki hotonsa ka goge.

In ka sake tarar da irin haka, ka danna wurin fita daga asusun ba tare da ka buɗe komai ba, ka sanar da mai kula da ɗakin. Kai ma ka tuna cewa rufe shafi ba ya nufin ka fita daga asusunka, sai ka danna wurin fita. Kada ka amince kwamfutar jama'a ta ajiye maka lambar sirri, kuma idan za ka tashi salla daga kan taka kwamfutar, ka danna maɓallin Windows tare da harafin L domin ta kulle kafin ka dawo.