Tambaya da Amsa: Aikin yayi kyau amma hoton baya fita

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni mai aikin POP ne da tayil a Hotoro nan Kano, wallahi in na gama falo har addu'a maigidan yake min, amma da na ɗauka a waya na sa a status sai kaga bango kamar zai faɗo, silin yayi ja, taga kuma fari fat. Sai na sayi kyamara ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara albarka a sana'a. Kar ka sayi komai tukuna, wayarka ta isa.

Bangon nan da kake gani kamar zai faɗo daga riƙon waya ne. Duk sanda ka ɗaga kanta sama don silin ya shigo, layukan bango sai sun karkace, kuma wannan yafi damuna a kan komai, saboda mai neman ma'aikaci bazai ce laifin waya bane, cewa zaiyi aikinka ne a karkace alhali kai kasan awon da kayi da gumin da ka zubar. Shiga saitin kyamara ka kunna layukan nan masu raba allo gida 9, ka daidaita su da kusurwar bango ko bakin ƙofa, wayar a tsaye cak daidai ƙirjinka. In silin bai shigo ba ka ja baya zuwa lungun ɗakin ko bakin ƙofa. Wannan 0.5 ɗin da ke allon kyamara, mai ɗauko wuri da faɗi, ka rage amfani dashi, yana faɗaɗa ɗaki amma yana miƙar da tayil na gefe har ya canza siffa.

Jan silin daga kwan fitila ne, haskensa daban da na rana, in suka haɗu waya takan rikice. Kashe fitilu, ɗage labule, ka ɗauka da hantsi ko bayan La'asar, taga tana gefenka ko bayanka, sannan ka kunna HDR, saitin da ke daidaita wurin haske da wurin duhu don kar taga tayi fari fat. Fitilun cikin POP ka basu nasu hoton daban dab da magariba. Ka goge idon kyamarar ma, musamman lokacin hunturu da ƙura ke hawa kan komai.

Ni dai ina son hoton kusa, inda tayil ya haɗu da tayil, ko lanƙwasar kwana, nan ake gane hannu. Ko hotunan tsohon masallacin Juma'a na Zariya da shahararren maginin nan Babban Gwani ya gina, bakan gizon rufin, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe dashi, su ke tsayar da mutum.

Kafin ka ɗauka a kwashe buhun siminti da bokitin fenti da tsani. In mutane sun riga sun tare, dan Allah nemi izinin maigida, ɗakin iyali sirri ne, kar hoton matarsa ko lambar motarsa su fito. Wajen turawa mai son aiki a WhatsApp kuma ka danna HD ko ka tura a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse hoton har layin tayil ya dushe.