Ina za a sami abincin Ayilan a Landan?

Malama, kin ce kin bar Dabilin, babban birnin ƙasar Ayilan, kin koma Landan, kina kewar abincinsu. Ki nufi unguwar Kilburn da Cricklewood, can 'yan Ayilan suka yi sansani tun shekarun 1950, har yau akwai gidajen abincinsu.

Abin da na fi so shi ne Irish stew: naman rago da dankalin Turawa da albasa da karas, a bar shi kan wuta kaɗan-kaɗan har naman ya rabu da ƙashi, romon ya yi kauri. Ki haɗa da burodinsu na soda, wanda ba a sa masa yis, sai garin baking soda da madara mai tsami. Ki shafa masa man shanu na Kerrygold tun da ɗuminsa. Manyan kantuna irin su Tesco suna sayarwa.

Amma don Allah ki riƙa tambaya kafin ki ci. Wasu na zuba giyar Guinness a romo, black pudding kuwa, wani abincinsu mai kama da sosej, galibi da jinin alade ake yin sa. Ni dai naman nake saya wurin mahaucin halal, in dafa a gida.